Sharhi: Gangamin tallata burauza da batun wanda ke zaɓar wa mazauna Abuja ƙofar shiga intanet

A kasuwar wayoyi ta Banex Plaza da ke Wuse II a Abuja, wanda ya sayi sabuwar waya kan miƙa ta ga yaron shago domin ya saita masa ita kafin ya bar wurin. Yaron ne zai sa layi, ya buɗe masa akwatin imel, ya sauke WhatsApp da Facebook, wani lokaci ma ya tura masa wasu manhajoji daga tasa wayar. Cikin 'yan mintoci an riga an yanke hukunci kan manhajar da mai wayar zai riƙa shiga intanet da ita na tsawon shekaru, ba tare da an nemi ra'ayinsa ba.

Wannan manhaja ita ce burauza, wato wadda ake buɗe shafukan intanet da ita. Fitattu daga cikinsu sun haɗa da Chrome ta kamfanin Google, da Safari ta Apple, da Edge ta Microsoft, da Opera, da kuma Firefox ta Mozilla. Ta cikin burauza ɗalibi ke duba sakamakon jarrabawa, mai neman aiki ke cike fom, ɗan kasuwa ke yi wa sana'arsa rajista a Hukumar CAC. Tana ganin kowane shafi da mutum ya buɗe, tana kuma iya adana kalmominsa na sirri. Saboda haka tarukan da masu sa-kai ke shiryawa domin jan hankalin jama'a zuwa wata burauza sun cancanci nazari, musamman a birnin da hukumomin sadarwa da na kare bayanai ke da hedikwata.

Irin wannan gangami ya yi suna ne ta dalilin Mozilla, gidauniyar da ba ta neman riba wadda aka kafa a Amurka a 2003. Lokacin da ta fitar da Firefox a watan Nuwamban 2004, burauzar Internet Explorer ta Microsoft ce ke riƙe da sama da kashi 90 cikin 100 na masu shiga intanet. Mozilla ba ta da kuɗin talla irin na Microsoft, sai ta jingina da magoya bayanta. A watan Disamban wannan shekara, dubban mutane suka haɗa kuɗi aka sayi shafi biyu a jaridar New York Times, aka buga sunayensu a cikin tallar. A watan Yunin 2008 kuma masu sa-kai suka shirya bukukuwa a ƙasashe daban-daban, aka sauke Firefox sama da sau miliyan 8 cikin sa'o'i 24, lamarin da ya shiga kundin bajinta na Guinness. Daga baya gidauniyar ta tsara aikin, ta samar da wakilai a ƙasashe da jakadu a jami'o'i, kuma matasan Najeriya na cikin waɗanda suka shiga.

Gangamin ya yi tasiri a zamaninsa, domin Firefox ta kai kusan kashi 30 cikin 100 na kasuwar duniya a wajajen 2009 zuwa 2010. A yau kasonta bai kai kashi 5 ba. Abin da ya sauya shi ne na'urar da ke hannun mutane. A 2008 aka fitar da Chrome, a shekarar ce kuma wayar Android ta farko ta shiga kasuwa. Mai kwamfuta a da kan zauna ya sauke burauzar da abokinsa ya yaba masa. Mai waya kuwa yana samun tasa a ciki tun daga kwali, kuma yawancin mutane ba sa taɓa canza abin da suka tarar. A Najeriya, inda akasarin jama'a suka fara sanin intanet ta waya, wannan ɗabi'a ta fi ƙarfi. Mozilla ta yi ƙoƙarin ƙera tsarin waya nata mai suna Firefox OS a 2013, har kamfanin Orange ya sayar da wayoyi masu araha da ke ɗauke da shi a wasu ƙasashen Afirka a 2015, amma kafin ƙarshen wannan shekara ta sanar da janyewa daga harkar.

Kamfanonin sun san darajar wannan gurbi na farko. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google, an bayyana cewa kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 a 2021 kaɗai domin shafinsa na matambayi-ba-ya-ɓata ya zama wanda ake tararwa a wayoyi da burauzoji. A watan Agustan 2024, Mai Shari'a Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya karya dokar hana babakere. Mozilla kanta na samun mafi yawan kuɗin shigarta ne daga irin wannan yarjejeniya da Google. Taron masu sa-kai da ake raba riguna da sitika a cikinsa yana fafatawa ne da kuɗi masu wannan yawa.

Tarayyar Turai ta bi hanyar doka. A 2010 ta sa Microsoft ya riƙa nuna wa masu kwamfuta jerin burauzoji su zaɓa, ta kuma ci shi tarar Yuro miliyan 561 a 2013 saboda saɓa alkawarin. Tun daga watan Maris na 2024, wata sabuwar dokarta ta tilasta wa Apple da Google nuna irin wannan jeri a wayoyi. A Najeriya, Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta nuna cewa tana iya tunkarar manyan kamfanonin fasaha lokacin da ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a watan Yulin 2024, kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Batun manhajojin da ake dasawa a waya kafin a sayar da ita na cikin abubuwan da suka dace da hurumin hukumar.

Akwai kuma darasi daga tarihin Opera Mini. Burauzar, wadda wani kamfanin ƙasar Norway ya ƙirƙiro, ta bazu a Najeriya tun zamanin ƙananan wayoyin Nokia, saboda tana matse shafi a na'urorin kamfanin kafin ta aiko shi, don haka ba ta cin data sosai. Labarinta ya yaɗu daga baki zuwa baki a makarantu da wuraren cajin waya, domin ta taɓa aljihun mutane kai tsaye. Bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, tambayar farko da ɗan acaɓa a Nyanya ko mai shago a Kubwa zai yi wa duk mai tallata burauza ita ce nawa za ta rage masa.

A nan ne raunin tarukan fasaha na Abuja yake. Galibinsu a otal-otal da cibiyoyin fasaha na tsakiyar birni ake yin su, da Turanci, kuma mahalartan matasa ne da suka riga suka san bambancin Chrome da Firefox. Jama'ar da ke cika birnin da rana kuwa a Lugbe da Karu da Dei-Dei da Zuba da Gwagwalada suke kwana, wasu ma a Mararaba ta Jihar Nasarawa, kuma a kasuwanni da tashoshin mota da yawa na waɗannan wurare da Hausa ake ciniki. Gangamin da ya horar da masu gyaran waya ashirin zai kai ga mutanen da taron otal ba zai taɓa gani ba, tun da ta hannunsu wayoyi ke bi kowace rana.

Abin da za a koyar ma ya fi sunan manhajar muhimmanci. Mutane da dama ba su san cewa ana iya canza burauza daga saitin waya ba. Wasu na ɗaukar alamar kwaɗo da ke gefen adireshin shafi a matsayin shaidar gaskiyar masu shafin, alhali tana nuna cewa an kulle hanyar da saƙo ke bi ne kawai, kuma 'yan damfara ma na iya samun ta. Wasu na zaton buɗe shafi a ɓoye na hana kamfanin sadarwa ko mai shafin sanin an shiga, alhali tarihin binciken ne kawai ba ya zama a wayar. Saƙonnin ƙarya na tallafin gwamnati da guraben aiki da ke yawo a WhatsApp duk a burauza suke ƙarewa, a shafin da ke neman lambar BVN ko ta katin banki. Wanda ya koyi karanta adireshin shafi kafin ya rubuta komai ya tsira da kuɗinsa, ko da wace burauza yake amfani.

Wannan ya sa aikin ya haɗu da na hukumomi. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, na da burin kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya su samu ilimin amfani da fasahar zamani nan da 2027. Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, wadda Dokta Vincent Olatunji ke jagoranta, na aiki da dokar da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023. Bai dace hukumar gwamnati ta tallata hajar wani kamfani ba, amma ya dace ta koyar da cewa zaɓi na nan, ta kuma bayyana abin da kowane zaɓi ke yi da bayanan mutum. Masu sa-kai su ma akwai buƙatar su faɗa wa jama'a wanda ya ɗauki nauyin taronsu da hanyar da kamfanin ke samun kuɗi.

Sauran nauyin na kan masu gina shafukan gwamnati. Chrome da Edge da Opera duk a kan inji ɗaya mai suna Chromium aka gina su, yayin da Firefox da Safari ke da nasu daban. Idan aka gwada shafin biyan haraji ko na neman fasfo a kan inji ɗaya tak, wanda ya canza burauza zai koma wadda ya bari a ranar da fom ya ƙi buɗewa. NITDA na da ƙa'idojin da ta gindaya wa shafukan intanet na hukumomin gwamnati, kuma tabbatar da cewa suna aiki a kowace burauza, a kan waya mai araha da data kaɗan, shi ne taimako mafi girma da gwamnati za ta yi wa masu wannan gangami.