Rumbu Cike, Ƙofa a Toshe: Ina Amfanin Mujallar da Ba a Samu?

Duk wanda ya tashi tsakanin Funtua da Malumfashi ya san cewa ba hatsi da auduga kaɗai ƙasar nan take fitarwa ba. A Funtua Alhaji Mamman Shata ya kafa gida, kuma daga Kahutu ta ƙaramar hukumar Danja Dauda Rarara ya fito. A gonakin yankin aka yi gayya da gangar noma, a tsakar gidajensa mata suka yi waƙoƙin niƙa da na daɓe. Masana na gida da na waje sun daɗe suna zuwa suna ɗiba. To, ina abin da suka ɗiba yake? Yana cikin mujallun ilimi waɗanda jikokin mutanen da aka yi wa tambayoyin ba za su iya kai hannu gare su ba. Ni a ganina wannan ya wuce sakaci, ya zama cin amana, kuma mu 'yan boko ne muka fi kowa laifi.

Dubi abin da aka rubuta a kan wannan yanki kaɗai. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka, a kan Shata da matsayin mawaƙin baka a cikin al'umma. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan karkarar Malumfashi, kuma daga wannan zama ya fitar da maƙalarsa ta 1981 a mujallar Social Science and Medicine, inda ya nuna cewa mai neman magani sau da yawa bai damu da sanin tsarin da maganin ya fito daga ciki ba, muddin dai zai sami sauƙi. Paul Clough ya bi manoman Marmara tun daga ƙarshen shekarun 1970, littafinsa na 2014 ya bayyana yadda fataucin hatsi da bashi da aure da barantaka suke haɗuwa wajen tara dukiya. Duka aiki ne mai nauyi, kuma duka da Ingilishi aka yi su. Malamin sakandare a Bakori ko Kafur da yake son karanta irin waɗannan maƙaloli zai tarar, a mafi yawan lokuta, ana neman ya biya da dala kafin a buɗe masa shafi. Labarin kakansa ne, amma sai ya saya daga ƙetare.

Da a nan matsalar ta tsaya, da sai mu ɗora wa Turawa laifi mu huta. Amma ai muna da namu mujallun. Akwai Harsunan Nijeriya, wadda Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano take fitarwa tun farkon shekarun 1970. Akwai Algaita a Jami'ar Bayero, da Harshe a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Ɗunɗaye a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Himma a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta Katsina. A cikinsu akwai nazarin tatsuniya da karin magana da tashe da kirari da waƙoƙin fina-finai, da yawa cikin Hausa tsantsa. Waɗanda suka kafa su kuma suka riƙe su cikin ƙarancin kuɗi sun cancanci yabo. Sai dai ka gwada neman tsohon fitowa na mujallar ilimi ta ƙasar nan a kantin littattafai, ko a laburaren garinku. Abin da aka saba shi ne a buga kwafi kaɗan, marubuta su karɓi nasu, saura su kwanta a kabad ɗin wani ofis har gara ta kai musu ziyara.

Tushen cutar shi ne dalilin da ya sa ake rubutun. A jami'o'inmu ƙarin girma yana rataye da yawan maƙalolin da malami ya buga. Kwamitin tantancewa yana ƙirga su, ba ya tambayar ko mutum nawa suka karanta. Saboda haka maƙala ta gama aikinta ranar da aka saka ta cikin fayil. Wanda yake gaggawar cika adadi ba zai kwana a ƙauye yana sauraron tsohuwa ba. Zai zauna a ofis ya sake feɗe waƙar da mutum goma suka riga suka feɗe. Kuma tun da aikin baya ba ya samuwa, ɗalibi yakan maimaita binciken da aka gama tun kafin a haife shi, yana zaton shi ya fara.

Za a ce mujallar ilimi ba jarida ba ce, don masana ake yin ta. Na yarda da rabin wannan magana. Tantancewar masana ita ce ta bambanta bincike da hirar shayi, kuma ba na neman a sassauta ta. Amma tantancewa daban, ɓoyewa daban. Kuma tarihi ya ƙaryata masu cewa jama'a ba su damu ba. A shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Sheme da wasu suka yi ta kai-komo a kan littattafan soyayya da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, a shafukan jaridu aka yi muhawarar. Marubuta suka mayar da martani, makaranta suka ɗauki ɓangare, fagen nazarin ya faɗaɗa. Ilimi ya fito kasuwa, kuma bai zubar da mutuncinsa ba.

Za a kuma ce babu kuɗi. Wannan uzuri ya tsufa. Ɗaukar hoton shafukan tsofaffin mujallu a ɗora su a intanet bai kai kuɗin taron ƙara wa juna sani guda ɗaya ba, da otal ɗinsa da jakunkunansa. Dandalin African Journals Online yana nan tun 1998, an kafa shi ne don mujallun Afirka su samu inda za a gan su. Asusun TETFund ma yana tallafa wa buga mujallu a manyan makarantu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne niyya.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da yankin yake ciki. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka a Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara. Idan ƙauye ya watse, ba gonaki kaɗai ake bari ba: dandali ya mutu, makaɗin noma ya koma ɗan gudun hijira a gari, tsohuwar da ta san waƙar daɓe ba ta da ɗakin da za ta daɓe. Dattawan da suka ga gayya da idonsu suna ƙarewa. Abin da ba a rubuta yanzu ba ya tafi, abin da aka rubuta aka ɓoye kuwa bai fi shi da komai ba.

Buƙatuna uku ne. Na farko, kowane sashe da yake da mujalla ya ɗora dukan fitowarta, daga ta farko, a intanet kyauta, tare da jerin sunayen maƙaloli da za a iya bincikawa. Na biyu, duk maƙalar da aka rubuta da Ingilishi a kan al'adun Hausawa ta zo da taƙaitawa cikin Hausa, shafi guda cikakke, kuma mai binciken ya kai kwafi makarantar garin da ya yi aiki. Na uku, kwamitocin ƙarin girma su ba tattara bayani daga bakin mutane, da adana muryoyinsu, maki mai tsoka, ko da zai sa malami ya fitar da maƙala ɗaya a maimakon biyar.

Ku kuma masu karanta wannan, likitoci da lauyoyi da ma'aikatan banki 'yan asalin shiyyar Funtua, kada ku ce aikin malaman jami'a ne. Ƙungiyoyinku na tsofaffin ɗalibai da na ci gaban gari suna gina azuzuwa da rijiyoyin burtsatse. A taronku na gaba, ku ware kuɗin na'urar ɗaukar hoton takardu da alawus ɗin ɗalibai biyu, ku rubuta wa shugaban sashen Hausa mafi kusa da ku, ku tambaye shi ranar da za a fara.