In gabanki ya faɗi, tambayi idonki



Babu wadda ba ta san wannan abu ba a cikinmu. Kina tsaka da daka ko tankaɗe, sai ki ji gabanki ya faɗi ras, ba dalili. Mu ce "jikina ya ba ni". Wata ta ce idonta ke rawa, wata ta ce mujiya ta yi kuka bisa danga. To, me za mu yi da wannan ji?

Wata Laraba a wurin zubi, wata ƴar ƙungiyarmu ta yi jugum har aka kira sunanta sau biyu. Ta ce tun asuba gabanta ke faɗuwa a kan ɗiyarta mai cikin wata takwas. Muka ce Allah ya sa alheri, muka yi addu'a. Sai dattijuwarmu mai riƙe da mabuɗi guda ta ce: "Ke ɗiyata, jiya da kika je gidanta, me kika gani?" Ta yi shiru, can ta ce: "Inna, fuskarta ta kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsa. Kwana uku tana kukan ciwon kai, ta ce hazo-hazo take gani."

Nan take muka buɗe asusun taimako, muka ba ta jika biyar na mota. A gidan likita aka auna, jini ya hau ƙwarai, aka wuce da ita Maradi. Irin wannan hawan jini shi ke kawo jijjiga, ya tafi da uwa da ɗa. Allah ya kiyaye, mun ci suna.

Kun gani? Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ido ya riga ya ga abu, aiki ya hana mu tsayawa a kansa, sai zuciya ta yi ta bugun ƙofa. Gaibu na Allah ne shi kaɗai, amma alama ta mai lura ce.

Don haka in gabanki ya faɗi, ki ambaci Allah, sannan ki tambayi kanki: me na gani, me na ji? Yaron da ya ƙi nono, ko maɗigarsa ta faɗa, ko numfashinsa ke sauri, likita yau, ba gobe ba. Mai ciki da ta ga jini, ko ɗan ya daina motsi, haka nan. Katangar da ta tsage da damina, a fid da yara daga ɗakin. In a kan kuɗin asusu ne hankalinki bai kwanta ba, ki ce a ƙirga gaban kowa. Ba rashin kunya ba ne.

In kuwa kin duba ba ki ga komai ba, kada ki ɗauki bashin ƙungiya ki kai wa boka, kada ki ɗora wa kishiya ko maƙwabciya maita. Addini ya hana camfi, zargi kuma ya raba zumunta da yawa. Wani lokaci gajiya ce da tunanin bashi. Ki samu ƴar uwa ki faɗa mata, nauyi ya ragu.

Allah ya tsare mu da iyalinmu. Sai zubi na gaba.