Wa Zai Karɓi Amshi?

Yau na ɗan jingine labarin da muke ciki, saboda wani abu da na gani a Diggi da na je bikin ɗiyar ƙanwata. An ɗauko wani dattijo mai kalangu wanda tun muna yara shi ke kiɗan gari, ya zo da makaɗa biyu, amma da ya ja waƙa sai aka rasa mai karɓa masa. 'Yan amshinsa biyu sun rasu, ɗansa kuma yana Birnin Kebbi yana kabu-kabu. Haka ya yi ta bayarwa yana karɓa da kansa, har dai aka kunna na'ura ya naɗe kayansa.

To ni abin da ya tsaya mani a rai shi ne, daga Diggi zuwa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke ƙasar Kalgo, ba wata tafiya ba ce. Me zai hana a ware ɗaki ɗaya can, a ɗauko irin wannan dattijo a biya shi kamar kowane malami, ɗalibai su haɗa ƙungiya, wasu kan kalangu wasu kan kotso, wasu su koyi amshi?

Kada a ce jami'o'inmu ba su damu da waƙa ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tara waƙoƙin baka masu ɗimbin yawa a littattafai, Allah Ya saka masa. Amma fa baitin ne ake kamawa a takarda. Wanda duk ya saurari kaset ɗin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san rabin daɗin yana bakin yaransu ne, yadda jagora zai fara magana ya sake ta a tsakiya su cafe su ƙarasa, kotso na tafe ƙarƙashinsu bai wuce ba bai makara ba. Wannan ba a koyonsa da biro, sai mutum shida sun zauna wuri ɗaya shekara da shekaru har kowa ya san inda ɗan uwansa ke numfasawa. Yaran situdiyo kuwa, ban raina su ba, amma mutum ɗaya da fiyano ya isa ya yi kiɗan ya yi amshin.

Na san abin da za a ce mani: wai wa zai kai ɗansa jami'a ya koyo roƙo? Gaskiya ne, a ƙasar Gwandu da kamar wuya uba ya sa hannu. Amma mu marubuta ba mu manta ba, haka aka yi ta kiran littattafanmu adabin kasuwa, yau ga shi ana digiri a kansu. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ba a ce 'ya'yansu sun zama mabarata ba. Kuma ba lallai sai an yi digiri ba, ko da yammacin Asabar ne ga mai sha'awa.

Dattijon nan dai na tambaye shi ko zai je in an kira shi. Ya yi dariya ya ce in dai za a ba shi kuɗin mota, kuma a bar shi ya zauna a tabarma.