Ka Daina Cin Nama, To Me Ka Sa a Gurbinsa?

'Yan uwa ɗaliban Arewa, musamman mu da karatu ya kawo nan Ibadan. Rubutun zai ɗan yi tsayi, ku yi min haƙuri. Abin da na gani makon jiya ne ya hana ni yin shiru.

Waɗanda muke ɗaga ƙarfe tare a bayan hostal sun san ƙanen nan namu ɗan aji uku. Ba zan kama suna ba, kuma sai da na nemi izininsa kafin na rubuta wannan. Ranar Talata da yamma yana kwance a benci, kilo 60 ne a sandar, nauyin da ya saba ɗagawa sau takwas ko gezau. A na huɗu sai muka ga hannunsa yana kakkarwa. Allah ya sa akwai mutum tsaye a kansa ya cafe ƙarfen, da a maƙogwaro zai sauka masa. Muka zaunar da shi, ya ce jiri yake ji, ƙasa tana juya masa. Da muka je asibiti aka gwada jini, aka ce jininsa ya yi ƙasa, ga kuma maleriya a jiki.

A hanyar dawowa nake tambayarsa me yake ci kwana biyun nan. Sai ya ce, "Yaya, ai yau sati bakwai ke nan rabona da nama." Wai ya kalli The Game Changers, fim ɗin nan da ya yi tashe a Netflix a 2019, ya ga har Arnold Schwarzenegger, wanda muka taso muna kira Kwamando, yana cewa a rage nama. Shi kuma don a yi ta ta ƙare sai ya haɗa da kifi da ƙwai da madara duk ya ajiye. Da safe baƙin shayi da biredi, da rana shinkafa da miya gaya, da dare indomi ko garin kwaki.

Na ce, "Kafin ka daina, sau nawa kake cin naman?"

Ya ce, "Sau biyu a sati, yanka ɗai-ɗai. Sai in an turo kuɗi daga gida in leƙa Sabo in sayi tsire."

Na ce, "Malam, to wane naman ka daina?"

Ban ce rashin nama kaɗai ne ya kayar da shi ba, maleriya ma tana shanye jini. Amma yaron da ke ɗaga ƙarfe kwana biyar a sati, yana zaman lakca tun safe, sannan ya cire duk abin da ke gina jiki daga kwanonsa bai mayar da komai ba, ai dama jira kawai ake yi. Jiki magayi.

Ga ra'ayina a taƙaice, sannan in kawo dalilai. Barin jan nama shi kaɗai ba ya ƙara wa mai ɗaga ƙarfe kuzari, kuma ba ya rage masa. Abin da ke yanke hukunci shi ne nawa kake ci da, da kuma me ka zuba a wurin da ka cire shi.

Ni ma na taɓa gwadawa, shi ya sa ba na yi wa kowa dariya. Bara na yi wata biyu ban ci jan nama ba. Wallahi satin farko na ji jikina sakayau, ina tashi asuba ba nauyi, har na fara yi wa mutane wa'azi a wurin motsa jiki. Daga baya da na zauna na yi lissafi sai na gano abin da ya faru. Da can sai wajen sha ɗaya na dare nake hawa mashin zuwa Sabo, in ci tsire mai kitse, in kora da lemo mai sanyi, in zauna hira, ban kwanta ba sai ƙarfe ɗaya. Da na bar naman sai na bar fitar daren, na bar lemon, na koma kwanciya ƙarfe goma. Ashe barci ne ya dawo min. Da na mayar da naman cikin abincin rana, yanka biyu, kuzarin bai je ko'ina ba. Duk wanda ya ce maka ya ji sauƙi bayan ya bar nama, kada ka ƙaryata shi, amma ka tambaye shi me da me suka tafi tare da naman.

Yanzu bari in yi adalci ga masu cewa a rage, don suna da hujja mai ƙarfi. A watan Oktoba na 2015, cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Lyon a Faransa ta sa sarrafaffen nama, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Ta ce giram 50 kullum yana ƙara haɗarin kansar hanji da kusan kashi 18 cikin 100. Jan nama kuwa, wato na saniya da rago da akuya, ta sa shi a rukunin da ake kyautata zaton yana jawowa. Ƙungiyar World Cancer Research Fund tana ba da shawarar kada a wuce giram 350 zuwa 500 na dafaffen jan nama a sati. Sannan naman da ya babbake a kan garwashi har ya yi baƙi yana fitar da wasu sinadarai masu cutarwa, ga kitsensa yana ɗaga kolestarol. Duk wannan gaskiya ne, ba farfagandar Turawa ba ce.

To amma dubi ma'aunin da kyau: rabin kilo a sati. Don Allah cikinmu ɗaliban da ke jiran alat daga gida, mutum nawa ne ke cin rabin kilon dafaffen nama kowane sati? Shawarar ta fi shafar mutanen da ke cin nama safe da rana da dare. Mu nan abokan karatunmu suna ganin duk ɗan Arewa a cikin suya yake kwana, tunda daga wajenmu tireloli ke kawo shanun. Ba su san da yawanmu a buka ganda muke nunawa da cokali ba, wadda suke kira ponmo, ita kuma furotin ɗinta ba irin wanda tsoka ke amfana da shi sosai ba ne. In ka cire satin Babbar Sallah, da yawa daga cikinmu ba su kai inda za a ce musu su rage ba. Shi kansa Kwamandon, sau bakwai ya ci gasar Mr. Olympia, kuma da bakinsa ya faɗa cewa a zamanin da yake gasa nama da ƙwai yake ci sosai. Bayan ya manyanta ne ya rage. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Me tsoka take buƙata? Karatun da nake yi na mastas ya shafi sinadaran jiki, don haka bari in sauƙaƙa. Wani babban nazari da aka buga a 2018 a mujallar British Journal of Sports Medicine, wanda ya tattara gwaje-gwaje da dama, ya nuna cewa amfanin furotin wajen ƙara tsoka yana tsayawa ne a wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyin mutum a rana. In nauyinka kilo 70 ne, kana neman kusan giram 112 ke nan. Tsokarka ba ta tambayar daga ina ya fito. Giram 100 na dafaffen naman saniya mara kitse yana ba da wajen giram 26. Ƙwai ɗaya wajen 6. Kofi ɗaya na dafaffen wake wajen 13. Gyaɗa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta furotin ne, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku.

Ka ga ana iya haɗawa ba tare da jan nama ba. Ƙwai 3 da biredi da safe, wake kofi 2 da shinkafa da rana, awara da gyaɗa kafin motsa jiki, kifi da dare, kofin kindirmo in an samu, ka kusa cika lissafin. Kuma garau-garau ɗin da muke rainawa dabara ce babba: abin da wake ya gaza a kai hatsi na da shi, abin da hatsi ya gaza a kai wake na da shi. Nan ma garin da muke ba a rasa wake ba, ga ewa a kowane lungu, ga alale, ga ƙosai, ga gbegiri. Abincin ƙanen namu kuwa, da na lissafa masa, ko rabin abin da yake buƙata bai kai ba.

Sai dai akwai abu uku da nama ke kawowa a ɓoye, waɗanda mai barinsa ya kamata ya sani.

Na farko sinadarin ƙarfe, wanda jini ke ɗaukar iska da shi. Abin dariya, mai ɗaga ƙarfe ya rasa ƙarfe a jininsa. Na cikin nama da kifi hanji ya fi saurin tsotsarsa a kan na wake da ganye. Shayi kuma yana hana tsotsar na ganyen, mu kuwa kun san mu da shayi. Lemon zaƙi, tumatir da gwaiba suna taimakawa, don haka a ci su tare da abinci, a jinkirta shayin. 'Yan uwa mata da suka fara shigowa motsa jiki, ku wannan ya fi shafa: ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka ya ce namiji baligi giram ɗin da yake nema bai kai naku ba, shi miligiram 8 a rana, mace mai al'ada 18.

Na biyu bitamin B12. A abincin da ya fito daga dabba ake samunsa: nama, hanta, kifi, ƙwai, nono. Hanta tana ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana cewa lafiyarsa ƙalau kafin kasala da mutuwar yatsu su bayyana. Wanda ya bar jan nama kaɗai yana cin kifi da ƙwai ba shi da damuwa. Wanda ya bar su duka, dole ya nemi ƙwayar bitamin ɗin.

Na uku kiriyatin, abin da tsoka ke ƙonawa a daƙiƙun farko na ɗaga abu mai nauyi. Jiki yana haɗa wani kaso da kansa, sauran daga nama da kifi yake zuwa, kuma an sha gano cewa marasa cin nama nasu ya fi ƙasa a tsoka. Kifi yana toshe wannan gurbin.

Su wa ya kamata su rage da gaske? In kana cikin masu hali, kullum da dare kana gaban mai tsire ko mai balangu, ko kana bin tsarin nan na cin nama rabin kilo a rana don ƙwanji ya fito, ko akwai hawan jini, ciwon zuciya ko kansar hanji a gidanku, to ka rage, kuma ka je a auna ka. Ƙaton damtse ba shaidar lafiyar zuciya ba ne. Ka zaɓi tsoka ka bar kitse, ka bar wanda ya ƙone, ka sa wake da kifi a wasu ranakun. Wannan ragewar za ta amfane ka nan da shekara 20, ko da ba ka ji wani sabon ƙarfi gobe da safe ba.

In kuma irinmu ne, masu yanka biyu a sati, don Allah kada ka cire ɗan abin da ke riƙe da kai saboda bidiyon da aka yi wa wasu mutane masu wani irin firij. Matsalarka ba yawan nama ba ce. Duba barcinka, duba ko kana cin abinci kafin ka shiga ƙarƙashin ƙarfe, duba ruwan da kake sha a zafin nan, duba gidan sauronka. In kasala ta wuce sati biyu, ko kana haki a matakalar da ka saba hawa, je ka a gwada jininka kafin ka canza abinci. Kuma kada ka ƙara kwanciya a benci ba mutum a kanka.

Ƙanen namu yana shan magani, likita ya ce ya huta da ƙarfe tukuna. Jiya na same shi a ɗaki da tukunyar wake da kifi, ya ce shi dai har yanzu ba zai koma jan nama ba, yana son ya ga iyakar abin. Na ce ba laifi, wannan karon ai da lissafi kake tafiya. Na ɗauko cokali muka ci tare.

Wanda ya taɓa gwada barin nama a cikinku, ina son jin yadda ta kaya, amma ka faɗa mana har da abin da ka koma ci. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa mu gama karatun nan mu koma gida da ƙafafunmu.