Gidan laka ba gidan talauci ba ne

A yau duk wanda ya samu ɗan hali, a Maraɗi ko Damagaram, sai ya rushe soron ubansa ya tada na siminti da kwano. Wai ci gaba ke nan. Watan Afirilu na kamawa, zafi ya haura digiri 40, sai ka iske maigida da iyalinsa kwance a tsakar gida, ɗaki ya gagari kowa.

Bangon laka mai kauri yakan sha zafin rana sannu a hankali, ba ya sakinsa sai dare, sa'ad da gari ya huce. Kwano kuwa tun da hantsi yake zuba wa mutane wuta. Mai kuɗi ya kafa na'urar sanyi; ran da lantarki ya ɗauke, shi da talaka duk ɗaya.

Masu kushe laka suna da gaskiya wuri biyu: yaɓe kafin kowace damina, da azara, don giginya ta yi ƙaranci. Amma tun 1980, a Cikal, aka soma koya wa magina rufin tubali mai baka da tulluwa, wanda ba ya bukatar itace ko ɗaya. Yaɓe kuma ya ragu da tubalin ƙasa matsattse, irin wanda aka gina gidajen "Niamey 2000" da shi a Yamai a 2016.

Saura hukuma. Muddin lakkol da gidan likita duk kwano ne, wa zai yarda laka abin mutunci ce? Ya kamata magadan gari su soma da azuzuwan da za su gina bana, inda yara ke ɗigar gumi bisa littafi.