Kuɗin Ƙetare Da Gonar Gida

Tun daɗewa Bahaushe ya san cin rani. Da an kau da amfanin gona, sai magidanci ya nufi birni neman abin da zai cike giɓin rumbu. A yau tafiyar ta yi nisa, ta kai Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Bisa ƙiyasin Bankin Duniya, a shekarar 2023 'yan Nijeriya mazauna ƙetare sun aiko gida da kusan dala biliyan 20. Wannan ne ya sa hukumomi ke neman hanyar karkata dukiyar zuwa noma.

Sai dai akwai abin lura. Kuɗin nan ba na gwamnati ba ne, gumin mutum ne da ya aiko wa iyalinsa, kuma galibinsu kan tafi ga ci da magani da makaranta da gini. Masu zargin iyalai da almubazzaranci sun manta cewa mai jin yunwa ba ya ajiye iri. Haka kuma wanda ya gina ɗaki maimakon sayen injin ban ruwa, lissafi ya yi, domin ɗaki ba ya tsoron fari, ba ya kuma ruɓewa a hanyar kasuwa kamar tumatir.

Ƙasar Meziko ta ba da misali. A shekarar 2002 gwamnatinta ta ɗauki wani shiri da ya samo asali daga jihar Zakatekas: duk peso ɗaya da ƙungiyoyin 'yan gari mazauna Amurka suka tara, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce ta ɗora ɗaya a kai. Mafi yawan kuɗin sun tafi ga hanyoyi da ruwan sha da lantarki, kaɗan ne suka shiga noma da sana'a. Wato jama'a sun fara da abubuwan da noma ba ya riba sai da su.

Saboda haka abin da ya wajaba a kan hukuma shi ne ta gyara fage. Ta sa a rage ladan aika kuɗi, wanda a Afirka kudu da Sahara yakan kai kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne ya sauka ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Ta sauƙaƙa mallakar takardar gona, ta samar da hanya da ma'ajiya da tsaro. Muddin gona na cike da kasada, ba lallashin da zai sa ɗan cin rani ya zuba guminsa a cikinta. Idan kuwa ta soma biya, da kansa zai nemo ta.