Ra'ayinmu: Akun Principe da Kasuwanninmu

Tsibiran Sao Tome da Principe, da ke cikin tekun Gini daura da gaɓar Gabon, ƙasa ce ƙarama wadda yawancinmu ba mu san ta ba sai ta labarin man fetur, tun da ta ƙulla yarjejeniyar haƙar mai da Nijeriya a 2001. To amma Allah Ya yi wa waɗannan tsibirai wata dukiyar. A cikin kurminsu akwai tsuntsaye fiye da iri 20 da babu su a ko'ina a duniya sai can, ga kuma tsirrai irin su wata furen begoniya da takan kai tsawon mita 3, alhali 'yan'uwanta a wasu ƙasashe a tukunya ake shuka su.

Lokacin da Turawan Fotugal suka isa wajen 1470, babu kowa a tsibiran. Daga baya aka sare daji aka shuka rake, sannan koko, jiragen ruwa kuma suka shigo da ɓeraye da birai masu cin ƙwai. Abin da ya rage na kurmin asali shi ne aka killace a 2006 da sunan gandun Obo.

Ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu shi ne aku. Akun nan mai launin toka da jan wutsiya, wanda ake kai wa manya kyauta don yana kwaikwayon magana, a kogon bishiya yake ƙyanƙyasa a Principe da Kamaru da Kwango, kuma daga nan ake kwaso 'ya'yansa tun ba su yi gashi ba. Da yawa a hanya suke mutuwa. Gana ta ga ƙarshen wannan ciniki, domin bincike ya nuna daga 1992 ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta. Shi ya sa a 2016 taron CITES a Johannesburg ya haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Duk da haka, wanda ya san lungun 'yan tsuntsaye a manyan kasuwanninmu ya san ba a rasa shi.

Akwai darasi a Principe da ya kamata hukumominmu su duba. Wani mai kamun aku da ake wa laƙabi da Bikegila ya gaya wa masana cewa an taɓa tarar da wata tsuntsuwa mai kama da mujiya a kogon bishiya wajen neman 'ya'yan aku. Da ya bar sana'ar ya koma aikin gandun daji, shi ya yi musu jagora har aka gan ta a 2016, kuma a 2022 aka tabbatar sabon iri ce, aka raɗa mata sunansa. Babu digirin da zai ba mutum irin wannan sanin daji, kuma da ɗaure shi aka yi, da an yi asararsa.

Saboda haka muna kira ga jami'an kwastan da na gandun daji a Nijeriya da Nijar da Kamaru da su daina ɗaukar kwandon tsuntsaye a kan iyaka tamkar kayan miya. Sarakunan kasuwa su ma su ja kunnen dillalai. Masu kamun kuwa a ɗauke su aikin gadin dajin da albashin da zai riƙe gida, domin mai iyali ba zai sauko daga bishiya ba sai ya ga abin da zai kai wa yara da yamma.